Ciwon da ke kashe jijiyar motsi: abin da masu bincike suka gano

 

Yau ba zancen taki ko na fara za mu yi ba. Zancen hannun da ke riƙe hauya za mu yi. Gona komai kyanta, in hannu ya mutu, sai ta koma saura.

A wani ƙauye da ke bakin Dallol, arewa da Filinge, na san wani magidanci mai shekara kamar 50. In an yi gayya, shi ke gaba. Wata kaka ina zagayen aikina, na tarar da shi zaune bakin gona, ɗansa na ɗaure masa dami. Na ce, "Baba, yau hutu ake yi?" Ya miƙo mini hannun dama, ya ce, "Malamin gona, dubi nan. Babban yatsa ya ƙi kama igiya." Na duba. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zube, wurin ya yi rami. Tsokar damtsensa tana rawa ita kaɗai ƙarƙashin fata. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba kumburi.

Da damina ta kewayo, hannun hagu ya bi sahu. Daga nan ƙafafu. Daga nan harshe ya yi nauyi. Da ma akwai gardamar iyakar gona tsakaninsa da maƙwabcinsa, sai mutanen gida suka ce sammu ne. Aka sayar da san noma don neman magani. Aka sayar da awaki. Har irin shibka aka kai kasuwa. Sai da hannu ya ƙare sannan aka kai shi Yamai, lokotoro ya duba shi, ya faɗi sunan ciwon. Cikin shekara ta uku Allah ya yi masa rasuwa.

Ya bar rumbu wofi. Ya bar gidaje biyu da ba su gaisawa. Ya bar ɗiya budurwa wadda masu neman aurenta suka janye, wai ciwon gidansu ne.

Ajali na Allah ne. Amma asarar sa da iri da zumunci, rashin sani ne ya jawo ta. Shi ya sa muka kawo muku wannan bayani. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.

YADDA HANNU KE MOTSI

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ana ce musu ƙwayoyin halitta. Na fata dabam, na jini dabam, na tsoka dabam.

Da Hausa, jijiya sunan abubuwa da yawa ne. Akwai wadda jini ke bi, akwai agara. Wadda muke nufi a nan fara ce, siririya, aikinta kai saƙo. Ita ce jijiyar motsi.

In sarki yana da saƙo, yakan aiki manzo daga Filinge zuwa wurin mai gari. Mai gari kuma ya aiki yaro zuwa gona. Haka jiki yake. Manzo na farko yana tashi daga ƙwaƙwalwa ya sauka cikin laka, wato bargon nan da ke cikin ƙashin baya. Manzo na biyu yana tashi daga laka ya isa tsoka. Saƙo ya iso, tsoka ta tsuke, hannu ya ɗaga hauya. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Kowane manzo ƙwayar halitta ce guda mai dogon zare. Wadda ke zuwa ƙafa, zarenta na iya kai mita 1. Abin lura shi ne: in fata ta yanke, sabuwa na tsirowa, amma in ƙwayar jijiyar motsi ta mutu, jiki ba ya yin wata. Tsokar da ba ta samun saƙo kuwa sai ta rame ta shanye.

Da farko mutum ba ya ganewa. In ƙwaya guda ta mutu, maƙwabtanta na miƙa rassa su karɓi aikinta, kamar yadda ake yi wa marar lafiya gayya. Sai masu mutuwa sun yi yawa, gayya ta gaza, sannan rauni ke bayyana. Ke nan ranar da hauya ta faɗi daga hannu, ciwon ya daɗe da shiga.

CIWO UKU DA BAI KAMATA A GAMA SU BA

A ƙauye, duk gaɓar da ta shanye sai a ce shan inna. Alhali cututtukan da ke taɓa jijiyar motsi suna da yawa, kuma kowace da dalilinta. Ga uku da ya kamata manomi ya sani.

Na farko, shan inna na gaskiya. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Tana fita cikin bayan gida, ta shiga baki ta ruwa ko abinci ko hannu mai dauɗa. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta fi kamawa. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, kamar 1 ne take kai wa laka ta kashe manzo na biyu. Yaro ya yi zazzaɓi, cikin ƴan kwanaki ƙafa ta saki. Wannan yana da rigakafi. Albarkacin ɗigon nan da ake sa wa yara a baki, Nijar ta ga na ƙarshen asalin wannan cuta a 2012, Nijeriya a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an kore ta daga yankin Afirka. Amma bayan haka an ci gaba da samun wani reshenta a wuraren da yara ba su cika rigakafi ba. Don haka in masu ɗigo sun zo, a fito da yara.

Na biyu, konzo. Sunan daga harshen Yaka na ƙasar Kwango yake, ma'anarsa ɗaurarrun ƙafafu. Wani likita ɗan Italiya, Giovanni Trolli, ya ba da labarinsa a 1938. Rogo mai ɗaci ke kawo shi, in an ci shi mako da makonni ba a gyara shi sosai ba, kuma babu wani abincin gina jiki. Cikin rogon akwai dafi, kuma fari na ƙara masa yawa. Dafin na lalata manzo na farko. Dare ɗaya ko cikin ƴan kwanaki, ƙafafu biyu su sandare. Ba ya ƙaruwa, amma ba ya warkewa. Yara da mata masu haihuwa ya fi kamawa. A farin 1981, ya kama mutum fiye da 1,000 a arewacin Mozambik. An san shi kuma a Tanzaniya, Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Mu hatsi ne abincinmu, amma mun san rogo a fadamun Dallol, kuma tsofaffi ba su manta da yunwar 1954 ba, wadda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira shekarar gari. Garin da aka jiƙa, aka matse, aka soya sosai ba ya da illa. Gaggawar yunwa ce ke sa a rage aikin, a nan haɗarin yake.

Na uku shi ne wanda ya kama mutumin da na ba ku labari. Ana ce masa ciwon Sharko. Likitocinmu na rubuta shi SLA da Faransanci, na Nijeriya kuma ALS. Shi ne babban zancenmu na yau.

ALAMUN CIWON SHARKO

Sunan na wani lokotoro ne, Jean-Martin Charcot, wanda ya yi aiki a asibitin Salpêtrière a birnin Faris. A 1869 ya bayyana ciwon. Ya lura da marasa lafiya suna raye, bayan sun rasu ya duba lakarsu, ya ga ƙwayoyin jijiyar motsi sun ɓace, hanyar saƙo da ke gefen laka kuma ta taurare. A 1874 ya raɗa masa suna.

Wannan ciwo manzanni biyun duka yake kashewa. Manya yake kamawa, galibi daga shekara 40 zuwa sama, maza sun ɗan fi mata. Ba shi da yawa: a Turai, cikin mutum 100,000, kamar 2 ne ke kamuwa a shekara. Yana farawa a hankali, daga hannu guda, ko ƙafa guda, ko harshe. Tsoka ta rame, ta riƙa rawa. Mutum ya riƙa tuntuɓe, takalmi na fita masa. Magana ta yi nauyi, ruwa ya riƙa sarƙe shi. Ba ya tsayawa, wata zuwa wata yana ƙaruwa. A ƙarshe yana kai wa tsokar numfashi. Yawanci shekara 2 zuwa 5 ake yi da shi. Kamar mutum 1 cikin 10 na wuce shekara 10.

Amma ga abin da ba ya taɓawa galibi: gani, ji, da jin taɓi. In ƙuda ya sauka a fuskarsa yana ji, korarsa ce ba ya iyawa. Hankalin mafi yawansu na nan daram, ko da yake wasu halinsu na canzawa. Wani masani ɗan Ingila, Stephen Hawking, an gano ciwon a jikinsa a 1963 yana da shekara 21. Ya rayu har 2018, yana koyarwa a jami'a, yana rubuta littattafai, na'ura ce ke yi masa magana. Don haka kada a yi zance a gaban marar lafiya kamar ba ya nan. Yana jin komai.

Kuma ciwon ba ya yaɗuwa. A ci tare da shi, a sha a ƙwarya guda, a kwana ɗaki guda.

LITTAFIN DA KE CIKIN JIKI

Sama da shekara 100 bayan Charcot, likitoci na ganin ɓarna amma ba su san mafarinta ba. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne gado.

Zancen gado ba baƙo ba ne gare mu. Manomi na ware zangarniya mafi tsawo da cika ya ajiye iri. A Tukunus, tun 1954 ake zaɓen shanun Azawak, ana haɗa bijimi da saniya mai nono don ƴaƴa su gado su. Kowa ya san ɗa na ɗauko kamar uba. To, ina wannan kama take ɓoye?

Tsakiyar ƙwayar halitta akwai wani ɗan ɗakin ajiya. Cikinsa akwai littafi. Da Faransanci ana ce masa ADN, da Ingilishi DNA. An raba shi kundi 46: 23 daga uwa, 23 daga uba. Cikin kundayen akwai umarni kamar 20,000. Kowane umarni na faɗin yadda za a ƙera wani furotin. Furotin su ne ma'aikatan ƙwaya: wani na gini, wani na dako, wani na shara.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci za ku fi kowa gane wannan. Littafin da haruffa 4 kawai aka rubuta shi. Masana na kiran su A, C, G da T. Kun kuma san aikin harafi guda. In mutum ya so rubuta "an yi mana baƙi", ya manta da lanƙwasar ƙ, sai ya zama "an yi mana baki". Harafi guda ya mai da alheri masifa. Haka yake cikin jiki. Harafi guda ya sauya, furotin ya fito a karkace.

KUSKUREN DA AKA FARA GANOWA

Likitoci sun lura cikin masu ciwon Sharko 10, kamar 1 ne ke da dangin da suka yi irinsa. Sauran 9 babu kowa a danginsu. Sai masu bincike suka bi waɗannan dangogi ƴan kaɗan. Suka ɗebi jinin masu ciwo da na lafiyayyu, suna gwada littafin wannan da na wancan.

A 1993, wata ƙungiyar masana a Amurka, cikinsu da Robert Brown da Teepu Siddique, suka gano kuskure na farko. Yana cikin kundi na 21, a umarnin da ake kira SOD1. Ƙwaya na ƙona abinci don ta samu ƙarfi, kuma duk inda wuta take akwai hayaƙi. Aikin furotin na SOD1 shi ne kawar da wannan hayaƙi mai dafi. Da farko an zaci rashin mai shara ne ke kashe jijiya. A 1994 aka sa umarnin mai kuskure cikin ɓeraye, aka ga sun shanye alhali nasu mai sharar na nan yana aiki. Sai aka gane ashe furotin ɗin da ya karkace shi kansa ne ya zama dafi. Yana dunƙulewa cikin ƙwaya har ya kashe ta.

A 2011 aka gano wani kuskuren da ya fi yawa. Ƙungiyoyi biyu suka gano shi lokaci guda, ta Rosa Rademakers da ta Bryan Traynor. Yana cikin kundi na 9, sunansa C9orf72. Nan ba harafi ne ya sauya ba. Wata kalma ce mai haruffa 6, GGGGCC, ake ta maimaitawa. Ga lafiyayye ba ta kai sau 30. Ga marar lafiya sai ta kai ɗaruruwa, har dubbai, kamar ɗalibin da ya cika allo da kalma guda. Cikin Turawan da ke gadon ciwon, kusan 4 cikin 10 wannan ne dalilinsu.

Yau umarnin da aka san suna da hannu cikin ciwon sun wuce 30.

Ga yadda gadon yake a irin waɗannan dangogi. In uba ko uwa na ɗauke da kuskuren, kowane ɗa na tsakanin biyu: ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi. Kuma ba duk wanda ya ɗauko ke kamuwa ba. Wani har ya tsufa lafiya lau.

Akwai kuma wani ciwon jijiyar motsi na jarirai. Jariri ya yi laushi kamar tsumma, ba ya riƙe wuya, tsotso na ba shi wuya. Judith Melki da abokan aikinta suka gano mafarinsa a Faris a 1995, cikin kundi na 5. Shi sai uwa da uba duka suna ɗauke da kuskuren, su kuwa lafiyarsu lau. A kowane ciki, 1 cikin 4 ne rabon jaririn ya kamu. Auren zumunci na kusa na ƙara yiwuwar masu kuskure iri guda su haɗu.

IN BA GADO BA NE FA?

Saura mutum 9 cikin 10. Su me ke kashe jijiyarsu?

A 2006 aka samu babban haske. Masana a Filadelfiya ta Amurka, ƙarƙashin Virginia Lee da John Trojanowski, da wasu a Japan, suka duba dunƙulen da ke taruwa cikin jijiyoyin mamata. Suka tarar furotin guda ne, sunansa TDP-43. Wurin zamansa ɗakin ajiya ne, kusa da littafi. Shi kamar magatakarda yake, yana gyara kwafin umarni kafin a fita da shi. Ga mai ciwo, sai ya fice daga ɗakin, ya taru a tsakar gida ya dunƙule. Ɓarna ta zama biyu: ciki babu mai gyara takarda, waje kuma hanya ta toshe. Ana samun wannan ga kusan 97 cikin 100 na masu ciwon Sharko, masu gado da marasa gado.

Bincike ya nuna wasu ɓarnar kuma. Murhun ƙwaya, inda take samun ƙarfi, na lalacewa. Dakon abinci kan zaren nan mai tsawon mita na tsayawa, sai bakin zaren ya bushe kamar reshen da ruwa bai kai masa ba. Sinadarin da ke zaburar da jijiya, mai suna gulutamat, na yin yawa, ya zama kamar jakin da ake duka ba hutu. Ƙwayoyin da ke kewaye da jijiya suna ciyar da ita su ma suna juya mata baya.

A 2014, Ammar Al-Chalabi na birnin Landan da abokan aikinsa suka yi lissafi da shekarun dubban marasa lafiya. Suka ce alama ta nuna sai abubuwa kamar 6 sun taru, ɗaya bayan ɗaya, kafin ciwon ya tashi. Rumbu ba ya faɗuwa rana guda. Gara ta ci ƙafa, ruwa ya jiƙa gindi, rufi ya tsufa, sannan iska ta zo ta ture. Wanda ya gaji kuskure, da ma an haife shi da ƙafar rumbu a cinye, shi ya sa nasa ke saurin faɗuwa. Sauran matakan na zuwa da tsufa da abin da jiki ke gamuwa da shi.

Cikin abubuwan da ake tuhuma akwai shan taba. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: bincike da dama ya nuna waɗanda suka daɗe suna aiki da maganin ƙwari sun ɗan fi sauran mutane kamuwa. Masana ba su yanke hukunci cewa shi ne dalili ba. Amma da ma an san maganin feshi dafin jijiya ne, da haka yake kashe fara. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu ba sai an jira mutum ya rasu ake duba jijiyarsa ba. A 2006 wani ɗan Japan, Shinya Yamanaka, ya gano yadda ake mai da ƙwayar fata ta koma kamar ta ɗan tayi. A 2008 aka ɗebi fatar wata tsohuwa mai shekara 82 da ke da ciwon, aka raini jijiyoyin motsi daga gare ta cikin faranti. Kamar gonar gwaji ke nan: a shibka, a lura, a gwada magani.

ME AKA GANO A AFIRKA?

Wasu na cewa ciwon Turawa ne. Ba haka ba ne. Tun 1974, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga bincike kan ƴan Nijeriya 92 masu ciwon jijiyar motsi. A 2019 aka buga wani binciken mai suna TROPALS, wanda Jami'ar Limoges ta Faransa ta haɗa da likitocin ƙasashen Afirka 8, kan marasa lafiya 185. An ga a Afirka ciwon na farawa da wuri, wajen shekara 50 da ƴan kai, alhali a Turai sai an wuce 60.

Littafin gado kuma ba duka ya zama ɗaya ba. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna kuskuren kundi na 9, wanda ya fi yawa ga Turawa, kaɗan ne ga baƙar fata. A Mali, binciken da aka buga a 2014 ya nuna masu ɗauke da kuskuren ciwon jarirai kamar 1 ne cikin 200, alhali ga Turawa kamar 1 ne cikin 50 ko fiye. Ke nan abin da aka gano can ba lalle ya dace da nan ba. Irin da ya yi kyau a Gaya ba lalle ya nuna a Abala ba. Dole a yi binciken a cikinmu, kuma ba ya yiwuwa in marasa lafiya na ɓoye cikin ɗaki.

AKWAI MAGANI?

Gaskiya ɗaya ce: har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon Sharko, ko a Faris ko a Amurka. Duk wanda ya ce a kawo sa zai warkar, san yake so.

Akwai wata ƙwaya mai suna riluzole, tun 1995. Tana rage zaburar jijiya, tana ƙara ƴan watanni. A 2023 Amurka ta amince da wata allura mai suna tofersen, wadda ake yi cikin ruwan laka. Tana hana ƙwaya ƙera furotin na SOD1. Masu wannan kuskure kaɗai take yi wa amfani, su kuwa kamar 2 ne cikin 100, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Amma ita ce ta farko da ta tari ciwon daga tushensa. Shekara 30 aka yi tsakanin gano kuskuren da samun allurar. Aikin bincike kamar dashen gawo ne, wani ke dasawa, wani ke shan inuwa.

ABIN DA KE HANNUNMU

1. In hannu ko ƙafa ta fara rauni, a je gidan likita da wuri. Kada a yanke hukunci a gida. Cututtuka da yawa na kama da wannan, kuma wasunsu na warkewa: tarin fuka na ƙashin baya, kuturta, ciwon sukari, matsewar laka. Daga asibitin Filinge ana tura mutum Yamai, inda likitocin jijiya suke.

2. In yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya wayi gari ƙafa ta saki, a sanar da likita ranar nan.

3. A cika wa yara rigakafin shan inna.

4. Rogo mai ɗaci: a ɓare, a jiƙa cikin ruwa kwana 3 zuwa 5, a zubar da ruwan, a shanya sosai. In gari ne da ake shakka, a kwaɓa shi da ruwa, a baza shi siriri, kaurinsa kada ya wuce faɗin farce, a bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana kafin a tuƙa. A riƙa haɗa shi da hatsi, nono, ƙwai ko kifi.

5. Wajen feshi: a rufe hanci da baki, a sa riga mai dogon hannu da takalmi, a ba iska baya. Kada a ci goro ko a sha taba ana cikin aiki. A yi wanka da sabulu. Kada a zuba ruwan sha ko mai cikin galan ɗin magani.

6. In likita ya tabbatar ciwon Sharko ne, kada a taɓa irin shibka, kada a sayar da san noma. Marar lafiya zai bar iyali, su ma sai sun ci.

7. A kula da shi. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci. Kunu ko hura mai kauri sun fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. A ba shi kaɗan kaɗan, sau da yawa, kada ya rame. A riƙa motsa masa gaɓoɓi kullum, a juya shi a shimfiɗa, a ɗaga masa kai da ƙirji in zai yi barci. In magana ta ƙi, allon haruffan da kuka koya da shi ya isa: ku nuna harafi, shi ya ƙifta ido.

8. Kada a zargi kishiya ko maƙwabci. Kada a ƙi auren ƴaƴan gidan. In shi kaɗai ne a danginsa, mafi yawan lokaci ba gado ba ne. In mutum biyu ko uku ne suka yi shi cikin dangi guda, a gaya wa lokotoro, shi zai ba da shawara.

Jama'a, ku tattauna wannan a wurin sauraren rediyo da ajin karatu. Mai tambaya ya rubuto da hannunsa, ko ya ba malamin gona na yankinsa, za mu amsa cikin shirin manoma.

Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi ba masu jinya haƙuri, shi kai mu damina lafiya. Amin.